DAGA BAKOLORI ZUWA ALAU: WAI DON WA AKE TARE RUWAN?

A 'yan shekarun nan mahukuntan Nijeriya sun samu wata kalma wadda ta yi musu daɗi a baki, wato "sauyin yanayi". Idan farashin mudun gero ya tashi, sai a ce sauyin yanayi ne. Idan ruwa ya cinye gari, sauyin yanayi ne. Idan manomi ya yi shuka ta ƙone ya tattara ya tafi cirani, shi ma sauyin yanayi ne. A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci, amma zuwa watan Yunin 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, kuma a watan Agustan wannan shekarar talakawa suka fito kan titi suna kukan yunwa. Dattawa ba su yi mamaki ba, domin sun ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, sun ga juyin noma na Shagari a 1980, sun ga hukumar raya karkara ta DFRRI ta Babangida a 1986, sannan 'ya'yansu suka ga dalar shinkafar da aka jera wa Buhari a Abuja a watan Janairun 2022. Kowane shiri da gangarsa da kakakinsa, amma rumbun talaka yana nan yadda yake.

Ba wai ana musun sauyin yanayi ba ne. Manomin Gumel ko na Illela bai buƙatar wani ya zo daga Turai ya faɗa masa cewa damina ta canza hali. Ya ga farin 1972 zuwa 1973, ya ga na 1983 zuwa 1984. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma ya dawo da wata irin ɗabi'a: ya makara wajen sauka, ya ɗauke ƙafa sati biyu ko uku bayan an yi shuka, sannan a watan Agusta ya zubo a dare ɗaya abin da a da yake yi a wata guda. Wani bincike da masana suka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta kuma yi wa Jigawa mummunar ɓarna, masana sun lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar saukar irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. Kuma duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke haddasa wannan ɗumama. Masana'antun Amurka da Turai da Sin suka ci riba, manomin Auyo ya biya kuɗin.

To amma idan aka tsaya a nan, an bar jaki ana dukan taiki. Abin tambaya shi ne, ruwan da Allah Ya saukar, komai ƙarancinsa ko yawansa, me aka yi da shi? Wa aka tare wa, wa aka hana?

Kafin a amsa, sai mai karatu ya tuna mece ce fadama a wurin mutumin ƙauye. Kogi yakan cika da damina ya malala gefe da gefe, ya shimfiɗa laka mai taki, ya cika tafkuna da kifi, ya shayar da ƙasa har ruwan rijiya ya matso kusa. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan. Da ruwan ya fara janyewa sai ya bi danshin da wake, ko rogo, ko dankali, ko albasa da tattasai. Masunci ya kama kifi. Da rani ya tsananta Bafillace ya gangaro da shanunsa su ci ciyawa, su bar kashi. Fili ɗaya, mutum uku suna ci a lokuta daban-daban, babu famfo, babu man dizal, babu bashi. A shekarar da gero ya ƙone a tudu, fadama ce ke riƙe gida. Wannan shi ne inshorar talaka tun kafin zuwan Bature, kuma ita ce aka fara taɓawa da sunan raya karkara.

Misali mafi ɗaci shi ne Bakolori. A lokacin da kuɗin man fetur ya yi wa gwamnatin soja yawa, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar tare kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. An fara aikin a 1974, aka gama dam ɗin a 1978. Aka yi wa mutane romon baka cewa za a shayar da hekta 23,000, za a yi noma sau biyu a shekara, alkama da shinkafa za su wadata. Dubban mutane aka tasa daga inda ruwan zai kwanta, aka kai su tudu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin kuma aka hana su noma ana baje ƙasar da katafila, aka tumɓuke itatuwan da suke ci suke sayarwa, shekara ta zagayo babu amfani, babu diyyar kirki. Ana cikin haka ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta zo ta danƙa ƙasa gaba ɗaya a hannun gwamna, wato gonar da mutum ya gada kaka da kakanni ta zama aro.

Da tura ta kai bango, manoman suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, suna neman haƙƙinsu. A ranar 28 ga Afrilun 1980, a zamanin mulkin farar hula na Shehu Shagari, da Shehu Kangiwa a kujerar gwamnan Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka harbi mutane, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta amsa mutum ashirin da 'yan kai, masu bincike kuwa sun kai lissafin waɗanda aka kashe sama da 380. Laifin waɗannan bayin Allah shi ne sun ce a biya su gonarsu.

Bayan an zubar da wannan jini, ko an samu abincin? Fiye da rabin filin an tsara shi ne a kan ban ruwa na feshi, mai buƙatar injuna da wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasar waje. Ba a daɗe ba injunan suka tsaya, bututun suka zama kayan gwangwan. Abin da aka ci gaba da shayarwa bai kai ko rabin abin da aka yi alƙawari ba. Can ƙasan dam kuma, inda babu wanda ya je ya tambayi kowa komai, ambaliyar da aka saba ta daina zuwa yadda take zuwa. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka ya yi bincike, ya gano cewa cikin fadama mai kimanin hekta 19,000, noman shinkafa ya ragu da kusan hekta 7,000, noman rani kuma da kusan 5,000, kamun kifi ya faɗi, mutane suka koma gero da dawa ko suka bar gida. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: an kashe fadamar da take noma kanta kyauta, don a raya filin da sai da bashi da kwangila yake motsi. A 2014 sai ga Bankin Duniya da rancen kusan dala miliyan 500 don gyara wasu manyan wuraren noman rani a Arewa, Bakolori na cikinsu. An ci bashi an gina, an kuma ci bashi an gyara. Yau kuma manomin Maradun da Bakura yana da wani sabon mai karɓar haraji a bakin gona, wato ɗan bindigar daji.

A ƙasar Haɗeja abin ya zo da wata siga. An gama dam ɗin Tiga a 1974 a zamanin Audu Bako, aka ƙara da na Challawa a 1992. Kogunan Kano da Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke gangarawa ya sadu da na Jama'are, su bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar a wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. A shekarun damina mai kyau kafin dam, ruwa yakan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a wannan dausayi. Bayan dam da fari, a shekaru da yawa ko rabin haka bai samu ba. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna a farkon shekarun 1990 abin da kowace ma'aunin ruwa ke haifarwa idan an bar ta ta isa dausayi, ta fuskar noma da kifi da itacen wuta, suka kwatanta da abin da take haifarwa a filin noman rani na Kano. Suka samu dausayin ya fi riba ninkin-ba-ninkin. An buga wannan bincike, an yi taro a kansa a otal, an ajiye shi a kan kanta.

Abin da ya fi ban takaici shi ne yadda sakin ruwan ya juya wa kogin ɗabi'a. A da kogi yakan cika da damina, ya bushe da rani. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano, don haka magudanan ba sa bushewa, ba kuma sa samun ruwa mai ƙarfin da zai wanke su. Wannan shi ne abin da kachalla ke so. Ciyawar ta mamaye dubban hektoci, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka wani gari ya nutse shekara da shekaru ba ya iya noma, wani garin a gaba kuma yana kallon busasshen kogi. Masunci ba ya iya tura jirgi. A cikin kachallar kuma tsuntsun jan-baki ya samu gidan kwana, da asuba ya tashi ya faɗa wa shinkafa da gero, yara su bar makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani. Duk wannan ba hayaƙin Amurka ya kawo shi ba. Hannun wani ne yake buɗe ƙofar dam yake rufewa.

A Barno kuwa abin kamar tatsuniya. An tsara wani ƙaton aikin noman rani a kudancin Tafkin Chadi, a yankin Marte, wanda aka ce zai shayar da hekta 67,000, da dogon magudani daga tafkin, da tashar wutar lantarki tasa ta kansa. An yi lissafin ne a kan tafkin shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Kafin a gama murnar buɗe aikin a ƙarshen shekarun 1970, tafkin ya fara ja da baya, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, bakin magudanin ya rage a kan busasshiyar ƙasa. Me talakawa suka yi? Suka bi ruwan. Suka shiga ƙasar da tafkin ya bari, mai laushi da danshi, suka riƙa zuba masara da wake, har motoci suna ɗauka zuwa kasuwannin Maiduguri da Kano. Injiniya ya kafa siminti a wuri ɗaya yana jiran ruwa, manomi ya ɗauki fartanya ya bi shi inda ya tafi. A zamanin da ba a san yadda damina za ta zo ba, wanne ne cikinsu ya fi dacewa da lokaci?

Wani zai ce, to ai ga Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da shinkafa da alkamar da ake ci a Kano da Legas daga ina suke fitowa in ba ruwan Tiga ba? Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe Tiga. Birnin Kano ma da wannan ruwa yake sha. Haka kuma mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi suna da hujja idan suka ce da an gina dam ɗin Dasin Hausa da aka daɗe ana zancensa tun bayan kammala Lagdo na Kamaru a 1982, da ambaliyar da ke cin su ta ragu. Dam kayan aiki ne kamar garma. Inda gizo ke saƙar shi ne, a duk waɗannan ayyuka an ƙirga buhun da za a samu a saman dam, ba a ƙirga wanda za a rasa a ƙasansa ba. Tumatirin Kadawa yana shiga littafin gwamnati domin tirela ce ke ɗaukarsa. Kifin da matar masunci ta soya, da shinkafar da aka ci a gida, da nonon da aka tatsa a rani, babu mai rubuta su, don haka ranar da suka ɓace babu wanda ya ce an yi asara. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa siminti yana da kashi goma na ɗan kwangila da na mai sa hannu, ambaliyar fadama kuwa ba ta ba kowa ko sisi.

Ko gyaran abin da aka gina ma ya gagara. Dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda an kammala shi a tsakiyar shekarun 1980. Ya ɓalle a watan Satumbar 1994, ya cinye Maiduguri. Shekara 30 cif, a ranar 10 ga Satumbar 2024, ya sake ɓallewa cikin dare, ruwa ya shiga asibiti da kasuwa da gidan yari da maƙabarta, har namun dajin gidan zu suka fito cikin unguwa, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, da yawa daga cikinsu waɗanda rikicin Boko Haram ya riga ya ɗaiɗaita. Gaskiya ne an yi ruwa mai yawa a wannan shekara. Amma tsakanin 1994 da 2024 gwamnatoci nawa aka yi, kasafin kuɗi nawa aka karanta? Wanda aka yi masa gargaɗi shekara talatin bai da bakin kiran abin da ya faru tsautsayi.

Idan mai karatu yana son ya ga abin da manomi ke iya yi in an sakar masa mara, to ya leƙa ƙetaren iyaka, ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda ruwan sama bai kai na Katsina da Kano ba. A da can dokar daji ta Nijar, wadda aka gada daga Faransa, ta mai da itace mallakar gwamnati, malamin daji yana cin tarar manomi a kan bishiyar da ta tsiro a gonarsa. Saboda haka duk tsiron da ya fito sai manomi ya sare shi tun yana ƙarami, don kada ya jawo masa fitina. A wajen 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, jijiyoyinsu na nan a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a lokacin sassabe a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Farin 1984 ya sa aka rungume shi, sannan aka sassauta dokar daji har manomi ya tabbata itacen nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi kusan tan 500,000 a shekara. Gawo ne sarkin wannan aiki, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. A ƙasar Tawa kuma manoma suka koyi haƙa tassa daga mutanen Yatenga na Burkina Faso, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, suka mai da fako gona. Ba a ce yunwa ta ƙare a Nijar ba, an ga ta 2005 da ta 2010. Amma wannan gagarumin aiki an yi shi da adda da fartanya, ba a harbi kowa ba, ba a ci bashin dala ba.

Ko a kan dam ɗin ma akwai abin koyi a maƙwabta. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa, ya hana ruwan kogin Logone isa fadamar Waza, kifi da makiyaya suka shiga uku. A 1994 aka buɗe wata mashiga da aka toshe, aka ƙara wata a 1997, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, shanu suka dawo. Masana sun daɗe suna ba da irin wannan shawara a kan Tiga da Challawa, cewa a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi da damina a kan lokaci sananne don ya kwaikwayi ambaliyar asali, a rage na rani yadda magudanan dausayi za su samu bushewa kachalla ta mutu. Wannan ba ya buƙatar sabon dam. Yana buƙatar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta zauna da manoma da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe da Barno kafin ta taɓa ƙofa, ta kuma sanar da ranar saki a rediyo, kada mutum ya kwanta da shinkafa a gona ya tashi ya ga tafki.

A 2003 shugabannin Afirka sun sa hannu a Maputo cewa kowace ƙasa za ta ware wa noma kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗinta. A mafi yawan shekarun da suka biyo baya, gwamnatin tarayyar Nijeriya ko kashi 3 ba ta kai ba. Ɗan abin da ake warewar ma ya kamata a duba inda yake zuwa. Kuɗin magudanin siminti na kilomita kaɗan zai isa a haƙa ɗaruruwan ƙananan rijiyoyin fadama irin waɗanda aka fara yaɗawa a shirin Fadama na farko a farkon shekarun 1990, a haɗa da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, tunda cire tallafin mai na watan Mayun 2023 ya sa manomin rani da yawa ya jingine injinsa. Zai isa a samar da irin gero da wake masu nuna da wuri, a ɗauki malaman gona waɗanda za su kwana a ƙauye, a gyara hanyar da za ta fitar da albasa kafin ta ruɓe. Sai dai waɗannan rijiyoyi na fadama ruwan da suke zuƙa shi ne wanda ambaliya ke cusawa cikin ƙasa kowace damina. Idan aka hana kogi malala, nan da 'yan shekaru bututun zai riƙa jawo iska.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina dam ɗin Alau da faɗaɗa shi. Mutanen Maiduguri suna da haƙƙin a nuna musu takardar aikin, su san wa zai riƙa duba lafiyar dam ɗin kowace shekara, da sunan ofishin da za a kama idan ya sake tsagewa. Manoman shinkafar fadamar Jere, waɗanda ruwan Ngadda ke gangarawa gonakinsu bayan ya ratsa birnin, kuma waɗanda aka yanka musu 'yan uwa sama da 40 a gonakin Koshebe kusa da Zabarmari a watan Nuwambar 2020, su ma a kira su a faɗa musu ruwa nawa za a riƙa sakar musu, kuma a wane wata.